Ko Ya Kamata A Tambayi Amintacce Lissafi?

Kafin a shiga wannan magana, bari ɗaya daga cikin jama'a ya karanta mana Ezra sura 8, daga aya 21 zuwa 34, wani kuma ya karanta 2 Korintiyawa sura 8, daga aya 16 zuwa 24. A karanta a hankali. Kada a tsallake sunayen mutane da yawan azurfa don suna da wuyar faɗi, gama a cikinsu ne maganar ta ke.

Babu mai bi a cikinmu da zai musa cewa duniya da dukan abin da ke cikinta na Allah ne. Tun muna makarantar Lahadi aka koya mana haka, muna kuwa maimaita shi kowace kaka, sa'ad da mu ke kawo dawa da gyaɗa da masara don baikon godiya. Mu masu riƙon amana ne, wata rana kuma Mai abu zai zo ya tambaye mu. Wannan ba shi da nauyi a baki, domin muna ganin ranar da nisa, Mai tambayar kuwa ba ya zaune a bencin da ke bayanmu. Nauyin ya kan zo ne ran da wani ɗan'uwa ya miƙe a taron ekklesiya, ya ce yana roƙo a karanta wa jama'a abin da ya shigo da abin da ya fita. Sai wuri ya yi tsit. Ma'aji ya sunkuyar da kai, wani dattijo ya yi gyaran murya ya ce, "Ɗana, ashe ba ka yarda da mu ba?" Mai tambaya ya koma ya zauna da kunya. Maganar kuwa ba ta mutu ba. Ta dai fita daga ɗakin sujada ta koma gindin bishiya da bakin rijiya, inda babu mai iya amsa ta.

Tambayarmu ke nan ta yau. In mutum amintacce ne, mai tsoron Allah, an kuma san halinsa shekara da shekaru, neman lissafi daga gare shi cin mutunci ne, ko kuwa wajibi ne? Ba ƙaramar tambaya ba ce. Ta raba ekklesiyoyi, ta raba wa da ƙane a kan gonar gado, ta kuma sa waɗansu sun janye hannunsu daga ba da zakka a ɓoye, suna cewa a ransu ba su san inda ta ke zuwa ba.

Mu mutanen Mubi, bai kamata wannan magana ta zama baƙuwa a gare mu ba. Kasuwar shanunmu tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Nijeriya, a kan koro shanu zuwa cikinta daga Kamaru da Cadi, a loda su a manyan motoci zuwa kudu. Da yawa cikin masu shanun nan ba su ne ke kiwonsu ba, a hannun makiyayi su ke. Ran da mai dukiya ya je ruga don ya ƙirga, makiyayin kirki ba ya ɓata rai. Shi da kansa ya ke koro su gabansa, ya nuna wadda ta haihu, ya faɗi wadda ta mutu, ya kawo shaida. Dillali kuma a gaban mutane ya ke ƙirga kuɗin ciniki, ba wanda ya ce an zage shi. Abin da a ke yi saboda bijimi ɗaya a kara, shi ne a ke jin nauyin yi saboda kuɗin Ubangiji.

Akwai kuma wani abin da tsofaffinmu suka gani da idonsu. Jamus suka kama Mubi a 1903, Ingilishi suka karɓe ta daga hannunsu a 1914, cikin yaƙin duniya na fari. Amma ba a ba Ingila wannan ƙasa ta zama tata ba. Riƙo aka ba ta, da fari a 1922, sa'an nan aka sabunta shi a 1946 ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, shi ya sa aka kira ta ƙasar amana. Kowace shekara tilas ne Ingila ta rubuta bayanin yadda ta ke riƙon ƙasar, Majalisar kuma ta kan aiko da wakilanta su zaga, su karɓi koke-koken talakawa. Daga bisani aka tambayi masu ƙasa da kansu ta hanyar ƙuri'a, sau ɗaya a watan Nuwamba 1959, sau ɗaya kuma a Fabrairu 1961. Ran 1 ga Yuni 1961 riƙo ya ƙare, ƙasar ta shiga Nijeriya, Mubi ta zama babban garin Lardin Sardauna. Ku duba fa, daula mai jiragen yaƙi ta zauna tana ba da lissafi a kan ƙauyukan duwatsunmu, saboda kalma guda, watau amana. Duk inda aka ce amana, akwai mai abu, akwai mai riƙo, akwai kuma ranar lissafi. In aka cire ranar lissafi, ba a jimawa sai mai riƙo ya fara ganin kansa mai abu, ko da bai tashi da wannan niyya ba.

Yanzu fa mu koma wurin Ezra. Ya tara jama'a a bakin kogin Ahawa, a gabansu akwai tafiyar wajen wata huɗu zuwa Urushalima, hanya kuwa cike da 'yan fashi. A hannunsa akwai abin da sarkin Farisa da fadawansa da Isra'ilawa suka bayar domin Haikali: azurfa talanti 650, kayayyakin azurfa na talanti 100, zinariya talanti 100, da kwanonin zinariya 20. Talanti ɗaya ya fi kilo 30, sai ku lissafta da kanku. Ezra ya ji kunyar roƙon sarki ya haɗa shi da mayaƙa, domin ya riga ya gaya wa sarki cewa Allahnsu yana kiyaye masu nemansa. Saboda haka suka yi azumi, suka yi addu'a, suka kama hanya ba mashi ba garkuwa. Wa zai ce wannan mutum ba shi da bangaskiya?

To, ga abin lura. Mutumin da ya ƙi mayaƙa, bai ƙi ma'auni ba. Ya keɓe mutum 12 daga cikin manyan firistoci, ba ɓarayi ba, ba baƙi ba, zaɓaɓɓu cikin zaɓaɓɓu, ya auna musu kowane abu a hannunsu. Ya tuna musu cewa su keɓaɓɓu ne ga Ubangiji, kayan ma keɓaɓɓu ne, su tsare su har ran da za a sake aunawa. A wurinmu tsarkin mutum shi ne dalilin da ke sa a ce kada a auna. A wurin Ezra tsarkin ne ya sa aka auna. Da suka isa Urushalima suka huta kwana uku, a rana ta huɗu aka kawo ma'auni cikin Haikali, firistoci biyu da Lawiyawa biyu suka karɓa, aka ƙirga, aka auna, aka kuma rubuta nan take. Har sunayen mutum huɗun nan suna nan a rubuce, mun ji su ɗazu.

Wa ya fi kowa cin moriyar awon nan na biyu? Ba Allah ba ne, gama shi ya san nauyin kowane kwano tun ba a ƙera shi ba. Ezra ma bai yi zaton an taɓa kome ba. Masu ɗaukar kayan ne suka ci moriya. Wata huɗu suna kwana da ido ɗaya, ran nan suka yi barci. Daga ranar babu mai iya duban ɗayansu, in ya gina sabon ɗaki ko ya yi wa matarsa sabon zane, ya ce ai mun san inda ya samu. Wanda aka hana shi ba da lissafi, an bar shi da kaya a ka har ya mutu, an kuma bar 'ya'yansa da tsegumin mutane.

Manzo Bulus ya gane wannan sarai. Ya yi shekaru yana tara gudummawa daga ekklesiyoyin Galatiya da Makidoniya da Akaya domin matalautan masu bi na Urushalima. Shi ne ya kafa yawancin ekklesiyoyin nan, ya sha duka da kurkuku saboda su. In akwai wanda ya isa ya ce a yarda da shi kawai, shi ne. Duk da haka ya gaya wa Korintiyawa su zaɓi mutanensu da za su kai kuɗin (1 Korintiyawa 16:3). Ya aiki Titus tare da 'yan'uwa biyu, ɗaya daga cikinsu ekklesiyoyi ne suka naɗa shi, ba Bulus ba. Dalilin da ya bayar shi ne, bai isa abu ya zama daidai a gaban Ubangiji kaɗai ba, sai mutane ma sun ga daidai ne. Cikin Ayyukan Manzanni 20:4 an lissafta mutum bakwai daga garuruwa dabam dabam da suka raka shi a tafiyar. Kada mu yi zaton tsoron banza ya ke ji: a sura 12 ta wasiƙar nan ta biyu mun ga waɗansu a Korinti sun riga sun fara raɗa cewa da wayo ya ke cin su. In an yi wa Bulus haka, wane fasto ne ko ma'aji zai ce shi ya fi ƙarfin bakin mutane?

Amma masu cewa a bar kaza cikin gashinta su ma suna da aya, ba kuwa daidai ba ne mu ɓoye ta. Cikin 2 Sarakuna sura 12, sa'ad da a ke gyaran Haikali a zamanin sarki Yowash, an faɗa a fili cewa ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikata ba, domin amintattu ne. Ga shi nan, in ji su, amintacce ba a tambayarsa.

Mu karanta surar daga farkonta. Da fari kuɗin gyara a hannun firistoci ya ke, kowa yana karɓa daga waɗanda ya sani, babu mai ƙirgawa. Har shekara ta 23 ta sarautar Yowash ba a toshe ko tsaga ɗaya ba. Littafi bai ce sun sata ba. Kuɗin da ba a ƙirgawa ya kan narke ne kamar gishiri a damina, ba wanda zai iya cewa ga inda ya shiga. Sai firist Yehoyada ya ɗauki akwati ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagadi. In ya cika, magatakardan sarki da babban firist su zo tare, su ƙirga tare, su ɗaure a jakunkuna. Akwatin baikon da ke gaban ɗakunan sujadarmu jikan wancan ne. Bayan an yi wannan duka, sa'an nan aka miƙa wa masu lura da aiki. Su kuwa lissafinsu yana tsaye a gaban kowa, gama duk wanda ya shiga Haikali yana ganin katako da dutsen da aka sa. Gani ya kori ji. Haka ya ke ga manomin da ke kan duwatsun Mandara, wanda ya gaji gandun da kakanninsa suka jera wa duwatsu hawa hawa don kada ruwa ya kwashe ƙasa, irin waɗanda suka sa aka ɗauki Sukur cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Ba a tambayarsa takarda. In ya gyara jerin duwatsun kafin damina, kowa ya gani. In ya yi sakaci, ruwan fari zai karanta lissafinsa a gaban dukan gari. Amintaccen da ba a tambaya, shi ne wanda aikinsa ya riga ya amsa.

Waɗansu kuma su kan ce, ai Ubangijinmu ya bar jakar kuɗi a hannun Yahuza bai taɓa bincikarsa ba. Gaskiya ne jakar tana hannunsa, Yohanna kuwa ya gaya mana abin da ya riƙa yi da ita. Ba mu ga yadda ƙarshen Yahuza zai zama abin koyi ga ma'ajin kowace ekklesiya ba. Wanda ya ƙyale ɗan'uwansa shi kaɗai da jaka, shekara goma ba mai dubawa, ga kuɗin makarantar yara, ga rashin lafiya a gida, ya tura shi bakin rami ne, ko da ya kira abin girmamawa.

Wannan magana ta ƙara nauyi a ƙasarmu tun daga 2014. Ran 29 ga Oktoba na shekarar, Boko Haram suka shiga Mubi, suka kuma mamaye Kwarhi, inda hedkwatar Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya ta ke, ekklesiyar da aka fara da sujada a gindin tsamiya a Garkida ran 17 ga Maris 1923. Mutane suka watse, waɗansu ta kan duwatsu zuwa Kamaru, waɗansu zuwa Yola, shugabannin ekklesiyar suka koma Jos na ɗan lokaci. Cikin watan Nuwamba aka ƙwato garin. Waɗanda suka komo sun tarar da ɗakunan sujada a ƙone, rumbuna a wofi, shaguna a fashe. Wanda ya gudu da yaro a kafaɗa, wa zai tambaye shi littafin baiko?

A nan ne za mu ga cewa shari'ar Allah ta fi tamu tausayi. Cikin Fitowa 22:10-13 an yi maganar wanda aka ba shi riƙon jaki ko sa ko tunkiya. In naman jeji ya kashe dabbar, ya kawo abin da ya rage don shaida, ba zai biya ba. In ta mutu ko aka kwashe ta ba mai gani, ya rantse a gaban Ubangiji cewa bai sa hannu ba, mai dabba ya karɓa, magana ta ƙare. Watau ba da lissafi ba ya nufin kome sai ya cika. Yana nufin mai riƙo ya tsaya a fili ya faɗi gaskiyar abin da ya faru, jama'a kuma su sauke masa kayan. Wanda ya ce, kaza aka ba ni, kaza na kashe, kaza wuta ta ci, ya ba da cikakken lissafi, ko da hannunsa babu anini.

Bayan wuta sai taimako ya zo. Ekklesiyar 'Yan'uwa ta Amurka ta tara miliyoyin daloli, ƙungiyar Mission 21 ta birnin Basel ta sa hannu, da waɗansu da yawa, na gida da na waje. Aka kawo masara da shinkafa, iri da taki, kwanon rufi da awaki. Masu bayarwa suka nemi a rubuta sunan kowane gida, a sa hannu, a aika da bayani. Akwai waɗanda abin ya yi musu zafi, suna ganin kamar an mai da su abin zargi a tsakiyar makoki. Muna gane wannan zafi. Amma mu tuna gunaguni na fari a tarihin ekklesiya a kan rabon abinci ya tashi, sa'ad da a ke tsallake gwaurayen Yahudawa masu jin Helenanci a Urushalima (Ayyukan Manzanni sura 6). Manzanni ba su ce da masu kuka, ashe ba ku yarda da mu ba. Suka ce jama'a su zaɓi mutum bakwai, sunayen bakwai ɗin kuwa duka na Helenanci ne, alama ce cewa daga ɓangaren masu kukan aka ɗauko su. A ƙasar da Fali da Gude da Kamwe da Margi da Kilba ke zaune a benci ɗaya, buhu guda da ya bi ta hanyar dangi ya isa ya rushe abin da wa'azin shekara ya gina. Takardar sunayen nan ba domin Bature ta ke ba. Domin gwauruwar da ba ta da kowa a majalisa ta ke, wadda in an manta da ita ba za ta iya buɗe baki ba.

Sai dai kada mu ɗauka littafi mai tsabta shi ne dukan lissafi. Rahotannin da Ingila ta riƙa aikawa a kan ƙasar amana an buga su da kyau, amma mutanen ƙasar sun yi ta kukan ƙarancin makarantu da hanyoyi da asibiti, da yadda a ke mulkinsu daga Yola. Bayan ƙuri'ar 1959 ne aka ba Mubi En'e tata. Cikin misalin talanti a Matta sura 25, bawan da aka hukunta bai ci ko kwabo ba. Lissafinsa ya fi na kowa sauƙi: ɗaya aka ba shi, ɗaya ya mayar, har da ƙasar ramin a jiki. Da mai binciken kuɗi ne ya zo, da ya sa masa hannu. Ubangidansa kuwa bai tambaye shi me ya ɓace ba, ya tambaye shi me ya yi da abin. Hujjar bawan ita ce tsoro, mu kuwa mun san tsoro. Wanda aka ƙone masa rumbu sau ɗaya, zuciyarsa ta kan ce masa kada ya sake cika wani. Ba mu da bakin da za mu tsauta wa irin wannan, sai dai mu tsaya kusa da shi har ya sake ɗaukar fartanya. Amma ekklesiyar da ta binne kuɗi a asusu alhali marayunta ba sa makaranta, ko ta bar filinta ya zama saura alhali samarinta ba su da aikin yi, ita ma za a tambaye ta, ko da littafinta ba shi da kuskure ko ɗaya. Waɗanda suka kafa makarantar Littafi Mai Tsarki mai sunan Kulp a Kwarhi sun haɗa karatu da noma, don mai wa'azi ya san gona ma amana ce.

Wa ya kamata ya fara? A al'adarmu yaro ba ya tsare babba da tambaya, mace ba ta cika tambayar mai gida nawa aka sayar da gyaɗa ba, ko da ita ta yi rabin noman. Wannan kunya tana da kyaunta, ba ma so ta ɓace. Tun da ya ke haka ne, nauyin ya koma kan babba. In ƙarami ba zai iya tambaya ba, sai babba ya buɗe littafi tun ba a tambaye shi ba. Haka Sama'ila ya yi sa'ad da ya tsufa, bayan an naɗa Saul. Ba wanda ya kira shi shari'a. Shi ya tsaya a gaban dukan Isra'ila ya ce duk wanda ya taɓa karɓar masa sa ko jaki, ko ya zalunce shi, ko ya karɓi toshi daga hannunsa, ya fito ya faɗa, zai biya (1 Sama'ila 12:1-5). Ya yi haka yana sane da cewa 'ya'yansa biyu sun ɓata sunan gidan da cin hanci, kowa kuma a wurin ya sani. Jama'a suka shaida cewa shi bai karɓi kome ba.

Kafin taro na gaba, bari kowane ɗayanmu ya rubuta, ko ya sa a rubuta masa, abubuwan da ke hannunsa waɗanda ba nasa ba ne shi kaɗai: kuɗin Zumuntar Mata ko na matasa, adashi, gonar marayun ɗan'uwa, akuyar da aka ba shi kiwo, hatsin da matarsa ta yi wahalarsa tare da shi. A gefen kowane ɗaya ya sa sunan wanda ya kamata ya ji bayaninsa, da ranar da ya ji na ƙarshe. A zo da takardun, a kuma karanto Luka sura 16 daga aya 1 zuwa 13, gama a kan wakilin nan mai wayo za mu zauna.